Robert FitzRoy: matuƙin jirgin da ya fara buga hasashen yanayi a jarida, aka mayar da shi abin dariya

Duk shekara, kafin damina ta faɗi, masana yanayi na ƙasashen Sahel sukan taru su fitar da hasashen yadda ruwa zai kasance, cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tana cikin na gaba. Idan abin ya zo daidai, da wuya a ji wanda ya tuna da su. Amma a ce gobe za a yi ruwa a Maraɗi, gari ya waye rana na ƙuna, to ranar ƴan meteyo ne abin hira a fada da tasha. Wannan ba'a ta haura shekara 160 a duniya, kuma an san mutumin da ya fara shan ta: wani hafsan sojan ruwa na Ingila mai suna Robert FitzRoy, wanda ya kafa ma'aikatar yanayi ta ƙasarsa a 1854, ya rasu a 1865 cikin bashi da ɓacin rai.

An haife shi ranar 5 ga Yuli 1805 a yankin Suffolk, cikin gidan sarauta, domin tsatsonsa na komawa ga Sarki Charles na biyu. Yana ɗan shekara 12 aka kai shi makarantar sojan ruwa ta Portsmouth. A 1824 ya zauna jarrabawar zama laftana, ya cinye maki duka, abin da ba a taɓa yi ba kafin shi. Shekara huɗu bayan haka aka ba shi jirgin Beagle, ƙaramin jirgin da ke zana taswirar gaɓar tekun Kudancin Amurka. Yadda ya samu jirgin ma abin tsoro ne: kyaftin ɗin da ke riƙe da shi, Pringle Stokes, ya kashe kansa a can ƙarshen nahiyar, inda sanyi da iska da kaɗaici suka fi ƙarfinsa. FitzRoy na da shekara 23.

Bai daɗe da karɓar jirgin ba teku ta koya masa darasin da ya bi shi har ƙarshen ransa. A ƙarshen Janairu 1829, kusa da Maldonado a bakin kogin Plata, baromita ta jirgin ta faɗi ƙwarai. Baromita ma'auni ce ta nauyin iska, bututun gilashi da zaiba a ciki. Idan zaibar ta sauka da sauri, alama ce hadari mai ƙarfi na tafe. Sabon kyaftin ya ga alamar, bai rage filafilan jirgin da wuri ba. Iskar da mutanen wurin ke kira pampero ta auko, ta kusa kifar da jirgin, ta jefa matuƙa biyu cikin ruwa, ba a sake ganinsu ba. Daga ranar bai ƙara wasa da baromita ba.

Duniya ta fi saninsa da tafiya ta biyu ta Beagle, wadda ta tashi daga Plymouth ranar 27 ga Disamba 1831, ta dawo a Oktoba 1836. FitzRoy ya nemi a samo masa abokin tafiya mai ilimi, wanda za su riƙa cin abinci tare suna hira. Yana da dalili: ban da Stokes, kawunsa Lord Castlereagh, tsohon ministan harkokin wajen Ingila, shi ma ya kashe kansa a 1822, kuma saurayin na tsoron abin yana cikin jininsu. Wanda aka samo shi ne Charles Darwin, ɗan shekara 22. A wannan tafiya aka fara aiki a hukumance da ma'aunin ƙarfin iska na Francis Beaufort, mai hawa daga 0 zuwa 12, wanda matuƙa ke amfani da shi har yau. Jirgin ya ɗauki agogunan teku 22 don lissafin wuri, wasu da kuɗin aljihun kyaftin aka saya.

Ba waliyyi ba ne. Zuciyarsa na kusa, har hafsoshinsa suka laƙaba masa sunan kofi mai zafi. A Birazil sun yi mummunan saɓani da Darwin domin FitzRoy ya kare bautar da bayi. A 1830 ya kwashi mutum huɗu ƴan asalin Tierra del Fuego zuwa Ingila da niyyar ya waye su irin wayewar Turawa. Ɗaya ya mutu da agana, ya mayar da ukun a 1833, shirin kuma ya watse. Sai dai mutumin nan ne kuma, da aka naɗa shi gwamnan Niyu Zilan a 1843, ya ƙi ya hukunta ƴan ƙabilar Maori kan faɗan Wairau, saboda ya gano Turawan da suka je ƙwace ƙasa su ne suka tsokano. Turawan mazauna can ba su yafe masa ba, aka kira shi gida a 1845. Wannan hali na yanke abin da yake gani daidai ba tare da ya jira izini ba, shi ya ɗaukaka shi, shi kuma ya riƙa kayar da shi.

A 1853 aka yi wani taron ƙasashe a Brussels, bisa kiran Ba'amurke Matthew Maury, inda aka amince jiragen ruwa su riƙa rubuta yanayin da suka tarar a teku ta hanya iri ɗaya. Shekara ta gaba ma'aikatar kasuwanci ta Ingila ta buɗe ƙaramin ofishi don wannan aiki, ta ba FitzRoy shi da ma'aikata uku. Aikin da aka ɗora masa tattara alƙaluma ne kawai: ina iska ke kaɗawa a wane wata, don jiragen fatake su rage kwanakin tafiya. Ba wanda ya ce ya faɗi abin da zai faru gobe. A shekarar ma, da wani ɗan majalisa ya ce wata rana za a iya sanin yanayin Landan kwana ɗaya kafin ya zo, dariya ƴan majalisar suka yi.

A Faransa ne aka fara nuna abin ba mafarki ba ne. Ranar 14 ga Nuwamba 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, guguwa ta afka wa jiragen Faransa da Ingila a Bahar Aswad, ta halaka da dama, ciki har da jirgin yaƙin Faransa Henri IV. Aka sa Urbain Le Verrier, shugaban cibiyar binciken taurari ta Paris, wanda lissafinsa ya kai ga gano duniyar Neptune a 1846, ya bi sawun guguwar. Ya tattara rahotanni daga sassan Turai, ya nuna ba daga sama ta faɗo ba: ta yi kwanaki tana ratsa nahiyar. Hadari tafiya yake yi, kuma saƙon wayar tangaraho ya fi shi sauri. Duk ilimin gargaɗin guguwa na wancan zamani a kan wannan magana ya tsaya.

Abin da ya tunzura FitzRoy ya zo a daren 25 zuwa 26 ga Oktoba 1859. Jirgin Royal Charter ya taso daga Melbourne ta Ostareliya ɗauke da masu haƙar zinariya da iyalansu, bayan wata biyu a teku, saura sa'o'i kaɗan ya isa Liverpool. Guguwa ta kama shi a gaɓar tsibirin Anglesey, ta tsinke sarƙoƙin da ke riƙe da shi, ta buga shi da duwatsu kusa da ƙauyen Moelfre, mutanen gari na kallo daga tudu. Kimanin mutum 450 suka mutu, waɗanda suka tsira ba su wuce 40 ba. A faɗin gaɓar ƙasar guguwar ta nutsar da jirage 133, ta ci rayuka wajen 800.

FitzRoy ya tara duk abin da aka rubuta a waɗannan kwanaki, daga tashoshi da jirage da hasumiyoyin fitila, ya zana taswirori masu nuna yanayin ƙasar duka a sa'a ɗaya, sannan na sa'a ta gaba. Taswirorin suka nuna guguwar ta shigo ta kudu maso yamma, ta yi sa'o'i da yawa tana hawa arewa kafin ta iske jirgin. Da akwai mai aika waya, da akwai wanda zai ɗaga alama a gaɓa, da wataƙila kyaftin ya fake a wata tasha.

Ya samu izini, kuma daga Satumba 1860 tashoshi 13 suka fara aiko masa da awo kowace safiya ta tangaraho: nauyin iska, zafi, inda iska ke fitowa da ƙarfinta, yanayin sama da na teku. A Fabrairu 1861 ya aika gargaɗin guguwa na farko. Tsarin mai sauƙi ne da gangan, domin yawancin masunta ba su karanta jarida. A kowace tasha an kafa doguwar sanda, ana ɗaga alamun da aka ɗinka da tamfol. Mai siffar jinkar ɗaki, tsininta sama, na nufin iska mai ƙarfi daga arewa. Tsininta ƙasa, daga kudu. Mai siffar ganga na nufin iskar za ta riƙa juyawa. Da dare fitilu ake jerawa a siffar. Ya sha nanata cewa alamar ba umarni ba ce a zauna gida, jan kunne ne a duba baromita, a duba sama, a yi hattara. Ya kuma sa aka ƙera baromitoci masu ƙwari da bayani a rubuce a jikinsu, aka rarraba wa ƙauyukan masunta matalauta, wasu na nan manne a bango har yanzu.

Ranar 1 ga Agusta 1861 jaridar The Times ta buga, a ƙasan jadawalin awo, ƴan layuka kan yanayin da ake sa rai a kwana biyu masu zuwa. Wannan shi ne hasashen yanayi na farko da wata hukuma ta riƙa bugawa kullum don jama'a a Ingila. Ba wanda ya umarce shi. Ya ga tunda lissafin na hannunsa, ba dalilin ɓoye shi. Ya kauce wa kalmomin annabci da duba, ya zaɓi wata kalma mai nufin ra'ayin da aka gina kan lissafi, ita ce Turawan Ingila ke amfani da ita har gobe. Bambancin ba ƙarami ba ne a lokacin: kundayen masu duban taurari, irin na Zadkiel, ana sayar da su dubbai, suna faɗin ruwa da rana na shekara guda, kuma dokar ƙasar na hukunta masu duba. Mai jin Hausa ya san tazarar da ke tsakanin hasashe da da'awar sanin gaibu. A wannan tazara FitzRoy ya so ya tsaya.

Da farko abin ya karɓu. Sarauniya Victoria kan aiko a tambaye shi kafin ta ƙetare zuwa gidanta na tsibirin Wight. Masu tseren dawaki da masu shirya biki suka mayar da ofishinsa wurin tambaya. A 1863 ya fitar da littafinsa The Weather Book, inda ya bayyana fahimtarsa cewa hadari na tasowa ne a inda iska mai sanyi daga arewa ke karo da mai ɗumi daga kudu. Ra'ayin ya yi kusa da abin da masanan Bergen na ƙasar Norway suka tabbatar bayan fiye da shekara hamsin.

Amma hasashen na kuskure, kuma ba sau ɗaya ba. Dalilin a fili yake. Yawancin guguwar Ingila daga yamma take zuwa, daga tekun Atlantika, inda ba shi da ko tasha ɗaya. Idonsa na ƙarshe a yamma shi ne Valentia, a gaɓar Ailan. Bayan nan duhu ne. Wayar da aka shimfiɗa ƙarƙashin teku zuwa Amurka a 1858 ta mutu cikin ƴan makonni, mai ɗorewa sai a 1866, bayan ransa. Jirage ba su da hanyar aiko saƙo daga tsakiyar ruwa. Manomin Tawa zai gane wannan da sauri: a nan hadarin damina daga gabas yake tasowa, abin da ya wuce Damagaram da rana kan iso yamma daga baya, kuma wanda ba shi da labarin gabas ba abin da zai iya faɗa sai ƙiyasi.

Masu suka suka taso ta fuska uku. Jaridu, har da The Times da ke buga hasashen, suka riƙa yi masa shaguɓe duk ranar da aka jiƙe bayan an yi alkawarin rana. Masu manyan jiragen kamun kifi suka fusata, domin duk ranar da aka ɗaga alama masunta suka ƙi fita, asara ce a aljihunsu, ko guguwa ta zo ko ba ta zo ba. Ran da ke cikin kwalekwalen kuwa ba nasu ba ne. Na ukun su suka fi yi masa ciwo: manyan masana kimiyya, waɗanda ke ganin bai da wata ƙa'ida rubutacciya da wani zai bi ya samu amsa iri ɗaya, gwaninta ce kawai ta tsohon matuƙi. A nan suna da gaskiya. Ofishin na aiki ne da abin da ke kan FitzRoy da mataimakinsa Thomas Babington. Inda suka yi kuskure shi ne zaton cewa shiru ya fi gargaɗi mai rauni, alhali su ba su ne ke fita teku da asuba ba.

Shi kuwa ba ya iya ƙyale suka. Kowace wasiƙa a jarida sai ya amsa. Matarsa ta farko ta rasu a 1852, babbar ƴarsa ta bi ta bayan shekara huɗu. Littafin Darwin na 1859 kan asalin halittu ya girgiza shi, domin shi mai riƙo ne da Baibul kalma da kalma, kuma yana ganin jirginsa ne ya ɗauki mutumin. A muhawarar Oxford ta 1860 ya miƙe da littafin a hannu yana roƙon jama'a, aka yi masa ihu. Jinsa ya fara raguwa, barci ya ƙaurace masa, dukiyarsa ta ƙare a hidimar gwamnati da ba a biya shi ba. Safiyar Lahadi 30 ga Afrilu 1865, a gidansa na Upper Norwood, ya kashe kansa yana da shekara 59. Zai zama sauƙaƙa magana a ce ba'ar jaridu ce ta kashe shi. Ciwon damuwa ya daɗe yana bibiyarsa tun yana kan Beagle. Amma ba'ar ba ta rage masa nauyi ba. Ya bar bashi, abokai suka buɗe asusu don matarsa ta biyu, Darwin ya ba da fam 100.

Bayan rasuwarsa aka kafa kwamitin mutum uku ya duba aikin ofishin, ƙarƙashin Francis Galton, ɗan uwan Darwin, wanda shi ma ke nazarin taswirar yanayi. Rahoton ya fito a 1866. Ya ce hasashen kullum ba shi da tushe na kimiyya, a daina shi. Game da gargaɗin guguwa ya fi sassauci: ya yarda yana da amfani, kuma ya fi dacewa wajen faɗin ƙarfin iska fiye da inda za ta fito. Aka dakatar da hasashen jarida a Mayu 1866, sannan ranar 7 ga Disamba, tsakiyar lokacin guguwa, gwamnati ta sauke alamun gaɓa gaba ɗaya.

Tambayar da rahoton ya buɗe ba ta rufu ba: da me ake auna daidaiton hasashe? Wani misali daga Amurka ya nuna wuyarta. A 1884 wani sojan ma'aikatar yanayi, John Finley, ya buga sakamakon hasashensa na guguwa mai juyawa, ya ce ya dace kashi 96.6 cikin ɗari. Nan da nan aka nuna masa cewa da kullum cewa yake ba za a yi ba, da ya samu kashi 98.2, tunda abin ba kasafai yake faruwa ba. Wato wanda bai taɓa yin gargaɗi ba yana iya fin kowa maki a takarda. Kuskuren hasashe iri biyu ne, kuma farashinsu ba ɗaya ba: a ce za a yi ba a yi ba, masunci ya yi asarar kamun yini, a yi shiru ta zo, a yi asarar masuncin. Kwamitin Galton ya ƙirga kurakurai. Mazauna gaɓa kuwa jana'iza suke ƙirgawa.

Su ne suka dawo da abin. Tashoshin jirage, ƙungiyoyin ƴan kasuwa, masu aikin ceto a teku da masunta suka yi ta aika ƙorafi majalisa, wasu masana suka mara musu baya. Kafin shekara biyu su cika aka koma aika saƙon guguwa ta waya, alamu suka koma kan sanduna. Hasashen kullum na jama'a sai a 1879 ya dawo. Ƙa'idar da masu suka ke nema ta zo daga baya, a hankali: Vilhelm Bjerknes ya nuna a 1904 cewa ana iya rubuta motsin iska da lissafi, Lewis Fry Richardson ya gwada yi da hannu ya buga a 1922, kwamfutar ENIAC ta yi na farko a 1950, tauraron ɗan adam na farko mai duba gajimare ya tashi a 1960. Har da su duka, binciken Edward Lorenz na 1963 ya nuna akwai iyakar da hasashe ba zai wuce ba, domin ƙaramin kuskure a awon yau yana girma cikin kwanaki. Shi ya sa ma'aikatun yanayi ke magana da kashi cikin ɗari.

Sashen aikinsa da ya fi tsayawa shi ne wanda ba a cika yabawa ba: yadda saƙo zai bar ofishi ya isa ga mutumin da ruwa zai ci, cikin siffar da zai gane ko bai yi makaranta ba. A 2024 hasashen damina na Sahel ya faɗi tun kafin shuka cewa ruwa zai haura yadda aka saba. Ya haura ɗin: ambaliya ta ci ɗaruruwan rayuka a Nijar, jihohin Maraɗi da Damagaram suka fi shan wuya, tsohon masallacin ƙasa na Birnin Damagaram ya rushe a Satumba. Shirin Majalisar Ɗinkin Duniya da aka ƙaddamar a 2022, mai burin kowane mutum a duniya ya samu gargaɗin gaggawa kafin ƙarshen 2027, wannan giɓi yake son cikewa, tsakanin wanda ya sani da wanda ke kwana a bakin gulbi.

An binne FitzRoy a harabar cocin All Saints ta Upper Norwood. Wani dutse mai tsini a Patagoniya, kan iyakar Ajantina da Chile, na ɗauke da sunansa tun 1877. Hedikwatar ma'aikatar yanayi ta Ingila a Exeter na kan titin da aka sa wa sunansa. A Fabrairu 2002 aka sauya sunan wani yanki na tekun Atlantika, yamma da Faransa da Sifen, daga Finisterre zuwa FitzRoy, kuma kullum rediyon BBC na ambaton sunan a cikin hasashen da take karanta wa matuƙa. Yankin na cikin ruwan yamma ɗin nan da bai taɓa samun awo daga cikinsa ba.